Wakilai 31 sun ƙi littafina, me zan yi?

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Shekara huɗu na yi ina rubuta littafina na farko, ƙagaggen labari da Turanci, kalmomi 142,000. Tun watan Maris nake aika wa wakilan marubuta a Landan da New York, masu shigar da littafi gaban kamfanonin bugawa. Na aika wa 31. Guda 19 shiru kamar an shuka dusa, sauran kuwa kusan magana ɗaya: sun gode, bai dace da su ba. Daren jiya irin wannan amsar ta 12 ta shigo, na kife wayar a kan filo, na daɗe zaune ban motsa ba. Yanzu wani wakili ya ce zai karɓe ni idan na biya kuɗin karanta littafin. In biya?

Amsa ta farko: Wa alaikis salam. Kada ki ba shi ko sisi, 'yar uwa. Wakili na gaskiya ba ya cin komai sai ya sayar da littafin, sannan ya cire kasonsa, yawanci kashi 15 cikin ɗari, ko 20 a kan haƙƙin fassara. Wannan aljihunki yake so.

Amsa ta biyu: Sannu ƙanwata, na san zafin nan. A cikinsu akwai wanda ya nemi cikakken rubutun?

Mai tambaya: Babu ko ɗaya, Yaya.

Amsa ta biyu: To ai ba su ma karanta littafin ba. Wasiƙarki ta gabatar da littafin kawai suka gani da shafukan farko, matsalar tana can. Ga kuma tsawo. Littafin farko an fi son ya tsaya tsakanin kalmomi 80,000 da 100,000, domin mai kauri ya fi tsadar bugawa, kuma kamfani bai san ko sabon suna zai yi kasuwa ba. Wani da ya ga 142,000 ba zai ƙarasa wasiƙar ba. Ki dakata da aikawa tukuna, don wanda ya ƙi sau ɗaya da wuya ya sake duba littafin. Ki rage shi, ki ba mutum biyu da ba sa jin nauyinki su karanta, sannan ki riƙa aika wa takwas-takwas kina lura da amsarsu.

Mai tambaya: Na gode, Yaya, Allah Ya saka. Yanzu na buɗe babin farko. Shafi 18 duk tarihin kakan jarumar ne, ita ba ta bayyana ba sai a babi na biyu. Daga nan zan fara yankewa, ko da yake shi ne wurin da na fi so.