Neman shawara: sufabaiza ya dawo min da furofozal ɗina

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah malamai da waɗanda suka riga mu gama digiri na biyu ku agaza min. Ina MSc a fannin gudanar da kasuwanci, mun gama kwasakwasai yanzu furofozal ya rage. Tofik ɗina shi ne tasirin kafafen sada zumunta kan bunƙasar kasuwanci. Na yi gabatarwa mai tsawo har da tarihin Facebook da Instagram, na jera manufofi shida, amma malamin ya dawo min da shi ya zagaye shafin matsalar bincike da jan biro ya rubuta "wa ke da wannan matsalar?" shi ke nan bai ƙara ko kalma ba, kuma mutum ne da ba ya son yawan tambaya. Ga babi na uku ma ban san ta inda zan kama ba, wajen lissafin yawan mutanen da zan tambaya wasu na cewa in bi Yamane wasu na cewa Krejcie da Morgan. In canza tofik ne ko ya gyaru?

Malamin jami'a:
Wa alaikumus salam. Malama kar ki canza, matse shi za ki yi. Abin da kika rubuta fanni ne guda ba tofik ba, mutum ɗari za su iya yin digiri a cikinsa ba wanda ya taka ƙafar wani. Wane kasuwanci? Banki ko mai sayar da kaya daga ɗakinsa? Bunƙasa kuma me za ki auna, yawan ciniki, riba, ko kwastoman da ke dawowa? Tambayar malaminki ke nan. Matsalar bincike ba wai ki ce kafafen sada zumunta na da muhimmanci ba ne, wannan kowa ya sani. Ki nuna akwai wasu mutane takamaimai da abu ke damunsu, misali ƙananan 'yan kasuwa na zuba kuɗi da lokaci a talla amma ba su san ko yana dawo musu da ciniki ba, sannan ki nuna waɗanda suka yi bincike kafin ke sun saɓa wa juna ko sun tsallake irin waɗannan mutanen. Giɓin nan shi ne dalilin da zai sa a ba ki izini ki yi aikin. Ba kuma za ki gan shi ba sai kin zauna kin karanta maƙalun mujallu na shekarun baya-bayan nan, ki duba Google Scholar, musamman ƙarshen kowace maƙala inda marubutan ke faɗin abin da ba su iya kaiwa gare shi ba.
Manufofi shida sun yi yawa, uku sun ishe ki, kowace manufa da tambayarta da hasashenta su tafi a jere. Tarihin Facebook kuma ki cire gaba ɗaya, ba wanda zai tambaye ki ranar difens.

Wani memba:
Ni dai da ni ne canzawa zan yi wlh, an gaji da tofik ɗin nan.

Yaya da ta gama bara:
Haba malam, in ta canza ai wannan ramin za ta sake faɗawa. Ƙanwata kafin komai ki tambayi kanki ina za ki samo bayanan. Ɗan kasuwa ba zai buɗe miki littafin ribarsa ba ko da kuwa yana da shi, shi ya sa da yawa ke amfani da ma'aunin Likert mai mataki 5, ki tambaye shi cinikinsa ya ƙaru ko ya ragu in an kwatanta da bara, ya zaɓa. Ki rubuta a furofozal ɗin cewa wannan iyaka ce ta bincikenki tun kafin su faɗa miki.
Batun yawan mutanen da za ki tambaya kar ya hana ki barci. Jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 ne, in jimillar mutanen 1,000 ce zai ba ki 278, kuma komai yawansu a wajen 384 yake tsayawa. Lissafin Yamane na 1967 da kuskuren kashi 5 cikin ɗari zai ba ki 286 a kan 1,000 ɗin. Kin ga bambancin bai taka kara ya karya ba, ki bi wanda sashenku ya saba da shi. Inda gizo ke saƙar shi ne duka biyun sai kin san jimillar mutanen tukuna, to daga ina za ki samo jerin sunayensu, ƙungiyarsu ko hukumar da ta yi musu rajista? A nan ake kama mutane a difens. Sannan ki sa cewa za ki fara gwada takardar tambayoyin a kan mutane kaɗan, ki duba alfa na Cronbach, wato ma'aunin da ke nuna ko tambayoyin sun dace da juna wajen auna abu ɗaya, ana so ya kai 0.7.

Ɗalibin PhD:
Ƙari a kan na Yaya, ki kula da ra'in da za ki ɗora aikin a kai. Kowa sai ya ɗauko TAM, wato ra'in karɓar fasaha na Davis na 1989, don ya ga kalmar fasaha, alhali shi yana bayanin abin da ke sa mutum ya karɓi fasaha ne, sauƙinta da amfaninta, ba ruwansa da ko ciniki ya ƙaru. In sakamakon kasuwanci kike aunawa RBV na Barney na 1991, ra'in da ke cewa abin da kasuwanci ya mallaka shi ke ba shi fifiko a kan abokan gasa, ya fi kusa da ke.

Wani memba:
Hajiya ki min magana ta inbos, muna rubutawa daga babi na ɗaya har na biyar.

Admin:
Malam ba ma wannan a nan, in ka maimaita zan cire ka. 'Yar uwa ko ya tsallake Turnitin, manhajar kama satar rubutu, ke za ki tsaya gaban malamai ba shi ba. Ki sauke Zotero kyauta ne, tun yanzu ki riƙa adana duk abin da kika karanta, zai jera miki manazarta a tsarin APA bugu na 7 in shi sashenku ke bi.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, wlh kaina ya ɗan sauka. Malam ya ka ga wannan: tasirin talla a Instagram kan ciniki da dawowar kwastoma a ƙananan kasuwancin sutura?

Malamin jami'a:
Yanzu kika zo. Saura ki faɗi yankin da za ki yi shi, ki kuma fayyace me kike nufi da ƙananan, yawan ma'aikata ko jari. Kar ki sake rubuta duka tukuna, ki kai masa shafi ɗaya kawai, matsala da manufofi uku da inda za ki samo mutanen, in ya sa hannu a kai sai ki ci gaba.