Wankin bututun mahaifa, don Allah wadda ta taɓa yi ta faɗa min gaskiya

Ummi: Salam 'yan uwa. Shekarata 4 da aure a nan Gombe ko ɓatan wata ban taɓa yi ba, an yi min sikanin an auna jini, likita ta ce ƙwai na fita lafiya ba ta ga komai ba. Ranar sunan ƙanwar maigida a Pantami uwarsa ta miƙo min jaririn a gaban mutane ta ce riƙe ko kya yi sha'awa, a banɗaki na yi kukana. Yanzu likita ta ce a yi HSG, wai ruwan da ake turawa ta bakin mahaifa don ɗaukar hoto yakan wanke bututun har a samu ciki. Wallahi tsoro nake ji.

Maman Sadiq: Kar ki yarda, wankin mahaifa ne ya kusa kashe yayata. Ki nemi maganin sanyi tukun.

Anti Balki: Maman Sadiq ki daina tsorata ta, wancan kankara ne bayan ɓari, wannan daban. Ana yinsa bayan ɗaukewar al'ada kafin ƙwai ya fita, minti kaɗan ne, mara ce za ta murɗa kamar ciwon al'ada. Kuma ruwan iri biyu ne, akwai wanda aka haɗa da mai, akwai na gama-gari. A binciken Holan na 2017, mata sama da 1,000, kusan kashi 40 na masu ruwan mai sun samu ciki cikin wata 6, masu ruwan gama-gari kashi 29. Ki tambaya ko suna da Lipiodol, wato ruwan da aka haɗa da mai ɗin. Amma Ummi, an gwada maniyyin mijinki?

Zee: Hmm ni shekara 6 ina shan jiƙe-jiƙe ashe matsalar tasa ce, har yau danginsa ni suke zagi.

Ummi: Anti shi fa lafiyarsa ƙalau, yana da 'ya da matarsa ta farko, ba zan iya tunkararsa da wannan maganar ba.

Anti Balki: Shekarar yarinyar nawa? Jikin namiji ma yana canjawa ƙanwata. Ke za a kwantar a tura miki ruwa, shi kwalba kawai za a ba shi.

Maman Sadiq: Ni dai na faɗa miki.

Ummi: Shekararta 9. Ku ba ku san halinsa ba ne. Ran Talata aka ba ni, ko kuɗin ban haɗa ba tukun.