Hajiyarmu tana gidan kula da tsofaffi a Ingila, na rasa inda zan kai kuka

Assalamu alaikum. Don Allah mazauna Ingila da masu aikin jinya, ku ba ni shawara.

Shekara huɗu ke nan Hajiyarmu tana fama da ciwon mantuwa. Da ta fara fita cikin dare tana neman hanyar gidanmu na Zariya, dole muka kai ta gidan kula da tsofaffi, ba da son ranmu ba. Na duba rahoton CQC, hukumar da ke sa ido kan gidajen kula da tsofaffi a Ingila, tukuna, gidan yana mataki na biyu daga sama cikin huɗu.

Yanzu duk ranar da na je sai in tarar tana gyangyaɗi a kujera, abincin rana ya huce a gabanta, ba wanda ya ba ta a baki. Ranar Lahadi na ga jini ya kwanta a damtsenta. Wai faɗuwa ta yi, amma ba wanda ya kira ni. Turancin ma ya ɓace mata, Hausa kaɗai take ji, shi ya sa suke ce mata mai gardama. Wata uku ke nan ana ba ta risperidone, wani maganin kwantar da hankali, alhali ga masu wannan ciwo iyakarsa mako shida a ƙa'ida.

Na rubuta wa manajan sau biyu, shiru. CQC kuma ba ta sasanta ƙorafin mutum ɗaya. In fara da sashen kare manya na ƙaramar hukuma ne, ko in nemi likitanta ya sake duba maganin? Ina da ikon ganin takardun kulawarta, tunda ba ta ba ni wakilci a rubuce ba? Tsorona kada in ɗaga murya su huce a kanta.