Rumfunan katako na wucin gadi a Banis da Buruj

Ɗalibi, Marwa: Assalamu alaikum, malamai. Me ke sa tsofaffin biranen da magudanan ruwa suka ratsa, kamar Banis a Italiya da Buruj a Beljiyam, suke kafa rumfunan katako waɗanda ake kwancewa bayan 'yan watanni?

Magini, Garwa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Tsakiyar Buruj ta shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2000, saboda haka ba a taɓa gine-ginenta yadda aka ga dama. Katako kuwa ba shi da nauyi, ana ɗaure shi da ƙusoshi a kan ruwa ba tare da haƙa harsashi ba. A 1979 Aldo Rossi, wani mai zanen gini ɗan Italiya, ya gina ɗakin wasan kwaikwayo na katako a kan jirgin dakon kaya a Banis, kuma har yau ɗaliban zanen gini suna nazarinsa, alhali tuni aka wargaza shi.

Kafinta, Kuseri: Yallabai, dabarar ta burge ni, amma a bakin kogin Logon sai an shafe katakon da baƙin mai, domin na taɓa kafa wata rumfa da damina, kafin kaka gara ta cinye ƙafafunta.