Banda, kyafa da shanya: wace ce kalmar busar da abu da wuta?

Ɗalibar Hausa:
Assalamu alaikum malamai. Ina rubutu kan adana abinci, na rasa kalmar da ta dace da busar da abu da zafin wuta, ba da rana ba. Wasu sun ce banda, wasu kyafa, wasu kuma gashi. Shin duk abu ɗaya ne? Kuma yaya ake yin aikin a zahiri?

Malamin Harshe:
Wa alaikumus salam, Malama. Busarwa ita ce uwa, ta haɗa kowace hanya. Shanya ta rana ce da iska, kamar tumatir, kuɓewa ko tufafi. Gashi kuwa dafawa ce don a ci nan take, ba don ajiya ba. Kalmominki su ne banda da kyafa. Kyafa aikatau ce: an kyafe nama, kyafaffen kifi. Banda suna ce: an yi bandar kifi, kifin banda. Duka biyun na nama da kifi ne. In masara ce ko katako, ki ce "busarwa da zafin wuta" kawai. Ki kula da rubutu ma: "bandar kifi" daban, "banda kifi" daban, ta biyun nufinta a cire kifi daga lissafi.

Mai Kifin Banda:
Malam ya gama da kalma, ga aikin, 'yar'uwa. A feɗe kifin, a cire hanji da huhunsa na kunne, a wanke. Tarwaɗa a murje ta da gishiri ko toka har yauƙin ya fita. A jiƙa a ruwan gishiri, kilo 1 a lita 10, kamar minti 20, sannan a jera a raga ya tsane har fatar ta daina sheƙin ruwa. Jiƙaƙƙen kifi in ya hau wuta hayaƙi ba ya kama shi da kyau, sai ya yi dabbare-dabbare. Ƙaramar tarwaɗa a naɗe ta, jela a baki. Babban kifi kamar bargi ko giwan ruwa a yanka gunduwa-gunduwa, yadda aka san bandar Baga ta bakin Tafkin Chadi.

Wuta ita ce wurin da ake faɗuwa. A fara da garwashi mai sanyi-sanyi awa ɗaya zuwa biyu, ruwan ya fara fita. Sai a ƙara zafi awa biyu zuwa uku ya dahu har ciki. Daga nan a rage, a bar shi da ɗumi da hayaƙi ana juyawa, ragar sama ta koma ƙasa, ta ƙasa ta hau sama. Wanda aka sauke a nan ba ya wuce kwana biyu ko uku. Na ajiya sai ya ƙara wuni, wani lokaci har kwana biyu. Ɗanyen kifi kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinsa ruwa ne, shi ya sa kilo 3 zuwa 4 ke komawa kilo 1. In aka gaggauta da harshen wuta, sai bayan kifin ya ƙeƙashe ya toshe hanyar ruwa, ciki ya zauna a jiƙe. Ido ya ga busasshe, bayan kwanaki a karya a tarar da funfuna da tsutsa. Gwaji shi ne a karya mafi kauri: ya ce ƙas, tsokar kusa da ƙaya ba laushi.

Uwar Marka:
Ƙari kaɗan, ɗiyata. Itace mai tauri ake so, busasshe, irin ƙirya da marke. Katako mai fenti, leda ko taya kada su kusanci murhun, gubarsu kifin ke shanyewa. Kada kuma a zuba kifin a kwali da zafinsa, zai yi gumi ya jiƙe kansa. A bari ya huce sarai. Da damina a riƙa mayar da shi kan ɗumi lokaci-lokaci. Masu fesa maganin ƙwari don korar tsutsa su ji tsoron Allah, abinci ne mutane za su ci.

Mai Kifin Banda:
Haka ne Hajiya. Mai son rage cin itace ya duba murhun Chorkor na Ghana, wanda aka ɓullo da shi a Accra a 1969. Ginin laka ne mai ƙofar wuta a ƙasa, ana ɗora ragogi masu firam na katako bisa juna, a rufe na sama, zafi da hayaƙi su ratsa duka maimakon su tsere.