Wikipedia: Bara da Ƙoshi ko Tanadin Gobe?

Ɗan Kwari: Salamu alaikum. Ƙanena da ke Ingila ya turo min hoton roƙon da Wikipedia ke liƙawa a saman shafi, wai a taimaka ko da 'yan canji. Ni dai na ce bara ce da ƙoshi. Gidauniyar Wikimedia, mai kula da Wikipedia, tana samun sama da dala miliyan 150 a shekara, ga asusun ajiya da aka buɗe a 2016, ya cika miliyan 100 tun 2021. Kuɗin riƙe shafin a intanet kuwa 'yan miliyoyi ne kawai.

Injiniya: Alhaji, kai da ke kasuwa ka san kuɗin haya ba shi ne duka kashe-kashen shago ba. Akwai albashin masu gyaran manhaja, akwai lauyoyi in wata gwamnati ta maka su kotu, akwai tallafin ƙungiyoyi irin namu na masu rubutu da Hausa.

Ɗan Kwari: To su sa talla mana, kowa ya huta.

Malama: A'a Alhaji, an taɓa gwada maganar. A 2002, jin raɗe-raɗin talla kawai ya sa marubutan Sifaniyanci da yawa suka ɓalle suka buɗe nasu kundin. Ranar da kamfani ya fara biyan kuɗi, wa zai yarda da abin da aka rubuta a kansa?

Auta: Yaya Injiniya, ni fa zancen miliyoyin nan bai dame ni ba. Daren jiya sai da na kai ƙarfe ɗaya ina gyara maƙalar marinar Ƙofar Mata, ba wuta, wayata na jone da fawa bank ɗin maƙwabci. Data kuma tun ƙarin farashi na kashi 50 a 2025 ta zama sai a hankali. Ko sisi ba a biya na, ban kuma nema ba. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne ƙanwata ta tambayi ChatGPT tarihin Gidan Makama, ya ba ta amsa, ba ta ma san daga ina aka kwaso ba.

Injiniya: Nan ne gizo ke saƙar. Gidauniyar da kanta ta ce a 2025 ziyarar mutane zuwa Wikipedia ta ragu da kusan kashi 8 in aka kwatanta da 2024. Wanda bai shigo ba, ba zai ga roƙo ba, ba kuma zai danna "gyara" ya zama marubuci ba.

Ɗan Kwari: Kun ga ni nan ma nake. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Manyan kamfanonin da ke kwasar rubutun Wikipedia su biya, a ƙyale talaka.

Malama: Sun fara ai. Akwai Wikimedia Enterprise tun 2021, tsarin da kamfanoni ke biya don ɗiban bayanan Wikipedia, Google ma yana cikin masu biya. Amma ni tsorona kada abin ya koma dogaro da su.

Ɗan Kwari: Har yanzu ban gamsu ba, albashin can hedikwatar gidauniyar a San Faransisko ya yi yawa. Auta, turo lambarka in saka maka data, amma da sharaɗi: maƙalar Kantin Kwari ce ta gaba.

Auta: Na gode Alhaji. Sai dai ka nemo min jarida ko littafin da ya ambaci tarihin kasuwar, don "Alhaji ya ce" ba hujja ba ce a can, goge ta za su yi.