Abin da aka tattauna kan wurin aiki

Jama'a, na bi duk maganganunku kan yadda ya kamata a tsara wurin da ake zama a yi aiki da kwamfuta, ga abin da ya fito.

1. Haske, kusan kowa ya yarda tebur ya zauna gefen taga, don in rana na dukan sikirin kai tsaye ido ne ke shan wahala.

2. Ɗaki a rufe ruf, iskar da muke fitarwa taruwa take, kai ya yi nauyi mutum ya dinga hamma gaban kwamfuta yana zaton kasala ce. Wallahi wannan ya taɓa ni, don Allah a riƙa buɗe taga.

3. Saman sikirin daidai ido, ƙafa a ƙasa.

Inda aka rabu shi ne tarkacen tebur, wasu sai sun share tas tunani ke zuwa, wasu kuma takardun da ke baje ne ke tuna musu inda suka tsaya jiya.